Kanun da na soke maka

Ka ce me ya sa na soke kanun labarin harin da ka rubuta, mai cewa "Jini ya malala", na kuma hana ka sa bidiyon da aka turo maka ta WhatsApp, alhali wasu sun sa, jama'a na ta tururuwa wurinsu. Zauna, ɗana, ka sha shayinka tukuna.

Ranar 4 ga Yuli, 2016, azumi na dab da ƙarewa, ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam kusa da Masallacin Annabi (SAW) a Madina, ana shirin buɗa baki. Jami'an tsaro huɗu suka rasu. Ina nan Jidda, kafin isha'i wayata ta cika da kira daga Kano da Zariya har da Wad Madani ta Sudan: "Wai masallacin ne ya kama da wuta?" Hayaƙi suka gani a hoto, shi kuwa a wurin ajiye motoci yake tashi. Duk uwar da ɗanta ya zo umara, hankalinta na Madina a daren nan. Irin wannan uwar ce za ta fara karanta kanunka. Kai ka ga jinin da ya malala? Wa ya ƙirga maka gawawwaki?

Sannan batun ɗora laifi. A 2011 an kashe mutum 77 a Norwe, masu sharhi suka hau talabijin suna nuna Musulmi da yatsa. Ashe ɗan ƙasar ne, mai ƙin Musulmin ma. Da ni ne editansu, da kunya ta hana ni fitowa washegari.

Bidiyo kuwa, mai kai hari shi yake so a yaɗa. Wanda ya kashe masallata 51 a Christchurch ta New Zealand a 2019 kai tsaye ya watsa ta'asarsa a Facebook, don haka Firaministar ƙasar a lokacin, Jacinda Ardern, ta ƙi ko ambaton sunansa. Ka sa irin wannan a shafinmu, ka zama ɗan aikensa ba lada.

Koma ka sake rubutawa. Ina abin ya faru, da ƙarfe nawa, mutum nawa, in ji wa. Wanda aka kama kuma "wanda ake zargi" za ka kira shi har sai kotu ta yanke hukunci. Ka kawo mini kafin magariba.