Farcena ya yi baƙi, wane takalmin gudu zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Koci. Ni tela ne a unguwar Nima da ke Accra, shekarata 36, nauyina kilo 88. Tun bayan ƙaramar salla nake fita gudu bayan asuba, sau uku a mako, kamar kilomita 8 ta hanyar Kanda. Wasu Asabar ɗin muna hawa tudun Aburi daga Ayi Mensah. Burina in shiga tseren kilomita 21. To amma farcen yatsana na biyu ya yi baƙi, ƙaurina kuma yana ciwo. Abokina ya ce kambas ɗina ne ba shi da laushi, in nemi mai ƙaton soso da farantin carbon a cikin soson, irin na Kipchoge, zakaran gudun nan na Kenya. Sabo ya fi ƙarfina, shi ya sa nake tunanin gwanjo a kasuwar Kantamanto. Me za ka ce?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Abokinka ya yi maka fatan alheri, amma ba laushi ne ya ɓata maka farce ba. Takalmin ya yi maka kaɗan. Ƙafa tana kumbura idan gudu ya yi nisa, balle a zafin Accra, kuma duk takun da ka yi tana ɗan zamewa gaba. A gangarowa daga Peduase zuwa Ayi Mensah abin ya fi tsanani: yatsa yana dukan bakin takalmi sau dubbai, jini ya taru a ƙarƙashin farce. Da yake na biyun ne ya yi baƙi, ina kyautata zaton ya fi babban yatsanka tsawo, kamar yadda yake ga mutane da yawa, kai kuwa da babban kake gwada takalmi.

Tunda awo sana'arka ce, da shi za mu fara. Da yamma, bayan ka wuni a kan keke ƙafa ta buɗe, ka sa safar da kake gudu da ita, ka tsaya a kan takarda, wani ya zana maka ƙafafun biyu. A tsaye, ba a zaune ba. Ka auna daga diddige zuwa yatsan da ya fi tsawo, ka ɗauki awon ƙafar da ta fi girma, ka ƙara santimita 1 zuwa 1.5, wato kusan faɗin babban yatsan hannunka. Yawancin takalman gudu suna da lambar santimita a jikin harshensu, ita ta fi amana. Lambar 43 ko 44 da muka saba faɗa wa mai kaya tana bambanta daga kamfani zuwa kamfani, ga kuma ta Ingila da ta Amurka suna ƙara rikita mutum, don 9 ta Ingila ita ce 9.5 ko 10 ta Amurka a takalmin maza. Kada ka yi mamaki in takalmin gudunka ya fi na zuwa biki da rabin lamba ko ma lamba guda.

A gaban mai kaya, ka zare shimfiɗar cikin takalmin ka ajiye a ƙasa ka taka. In gefen ƙafarka ya zubo waje, ya yi maka matsi ko da tsawon ya isa. Mu da muka tashi da silifas yatsunmu a baje suke, takalma da yawa kuwa bakinsu a tsuke yake. Ka sa, ka ɗaure, ka motsa yatsu: gaba ya zama da sarari, tsakiya ya rungume ƙafa, diddige kada ya riƙa ficewa. Wancan ramin igiya na ƙarshe da kowa yake tsallakewa aikinsa ke nan, ya kulle diddige don ƙafa ta daina zamewa gaba a gangara. Sannan ka ɗan yi sassarfa ko a lungun kasuwa ne. Wanda ya matse ka yau gobe ma zai matse ka. Masu kaya suna cewa "zai buɗe", takalmin fata ne yake buɗewa, na gudu ba ya yi.

Sai maganar soso. Duk takun mai gudu, ƙasa tana mayar masa da ƙarfin da ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyinsa, kuma a kilomita 21 za ka yi taku kusan dubu ashirin a kan kwalta. Saboda haka soso yana da amfani, ban raina shi ba. A Luksambur an yi wani bincike da aka wallafa a 2020, aka raba wa masu gudu 848 takalmi iri ɗaya, bambancin kawai taurin soso. Masu taurin sun fi samun rauni, amma amfanin laushin ya fi fitowa ga marasa nauyi. Ga masu jiki irin naka bambancin bai taka kara ya karya ba. Abin da nake ɗauka daga nan shi ne: ka guji takalmi mai tauri kamar katako, amma kada ka ɗauka kilo 88 ya wajabta maka mafi kaurin soso a kasuwa. Takalmi mai tudu sosai da laushi tiɓis yana tangaɗi, kai kuma kana gudu cikin duhun asuba, a gefen titi mai ramuka da bakin kwata, kana kauce wa motocin haya na trotro. Gurɗe ba ya da wuya a nan. Ka nemi matsakaici mai faɗin ƙasa, wanda in ka taka za ka ji ya karɓe ka sannan ya mayar, ba ka nutse ba. Tudun diddige ya ɗara na gaba da kamar milimita 8 zuwa 10. Wanda ya kwanta daidai gaba da baya yana jan agara da sha-raɓa ga wanda bai saba ba.

Takalmin faranti kuwa, ka bar wa masu shi. Nike ta fito da Vaporfly a 2017, Eliud Kipchoge ya yi kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Biyana a 2019 sanye da wani ɗan'uwan wannan takalmin, har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta sa doka a 2020 cewa kaurin takalmin tseren titi kada ya wuce milimita 40. Yana ƙara sauri, gaskiya ne. Amma an ƙera shi don ranar tsere: robar ƙasansa siririya ce, sosonsa yana saurin mutuwa, kuɗinsa ya isa ka sayi na atisaye biyu. In kuwa ka gan shi da arha yana ƙyalli, to jabu ne, farantin ma babu.

Idan wani ya dubi tafin ƙafarka ya ce a shimfiɗe yake, dole sai takalmi na musamman, kada hankalinka ya tashi. Sojojin Amurka sun gwada raba wa dubban sababbin kurata takalmi bisa siffar tafin ƙafa, raunin bai ragu ba. Jin daɗin ƙafarka a ciki ya fi wannan awon.

Yanzu gwanjo. Ba zan hana ka ba, don na san aljihu, kuma a Kantamanto ana dacewa da takalmin da mai shi ya sa sau kaɗan ya yar. Sai dai sosonsa kamar katifa yake: ana iya canja mata riga ta yi fes, amma in ta lotsa ta lotsa. Wankewa da liƙewa da shafa farin fenti sana'a ce, kuma masu yin ta sun iya, don haka kada saman takalmi ya ruɗe ka. Ka ɗora shi a kan tebur ka duba ta baya, in ya karkata gefe guda ka ajiye. Ka dubi gefen soson, in ya yi tamoji masu zurfi a jere, an gama cin amfaninsa. Ka danna babban yatsa ta ciki wajen da tudun ƙafa yake sauka: mai rai yana dawowa, matacce yana nan a taushe. Ka juya ƙasansa, in zanen robar ya shafe har soso ya leƙo, babu sauran magana. Ka matsa bayan diddige, ya kamata ya yi tsayin daka. Wasu kamfanonin suna buga ranar ƙira a takardar harshe. Wanda ya shekara da yawa, ko ba a sa shi ba, gam ɗinsa yana saki a zafinmu. Ka je da sassafe ranar da ake buɗe dila, kuma ka duba cewa ƙafa biyun lamba ɗaya ce, don ana haɗa aure a cikin tari. In za ka iya ƙara haƙuri ka tara, sabon tsohon yayi, wato na bara ko na bara waccan da aka karya wa kuɗi, ya fi min kwanciyar hankali.

Takalmin gudu yakan yi kilomita 500 zuwa 800 kafin soso ya gaji. A yadda kake yin kusan 24 a mako, wata biyar zuwa takwas ke nan ga sabo, gwanjo kuma ba ka san nawa aka riga aka ci ba. Don ya daɗe, ka keɓe shi ga gudu kawai, ban da zuwa shago. Kada ka take bayansa kamar silifas in za ka shiga masallaci, wannan ɗabi'ar tana karya abin da yake riƙe diddige. In ya jiƙe, ka cusa masa tsohuwar jarida ka ajiye a inuwa, ba kan kwanon rufi ba. Safar auduga tana riƙe gumi ta jawo bororo, ka nemi ta roba-roba irin ta 'yan ƙwallo amma marar kauri. Farce kuma a yanke shi gajere. Wanda ya yi baƙin zai iya faɗuwa da kansa, sabo ya fito cikin watanni. Kada ka huda shi da allurar shago.

Ciwon ƙaurin nan, ban ɗora wa takalmi laifinsa duka ba. Yawanci yana zuwa ne idan mutum ya ƙara nisa da gaggawa, ga kwalta ga gangara. Ka rage tazarar na mako biyu, ka huta da Aburi tukuna, in ka samu filin ciyawa ko jar ƙasa ka yi wasu ranakun a can. In ciwon ya bazu a tsawon ƙashin kuma yana lafawa da hutu, da sauƙi. Amma in wuri guda ne da za ka iya nunawa da yatsa, yana tsananta in ka yi tsalle da ƙafa ɗaya, ko yana damunka ko a tafiya, ka dakatar da gudu ka je asibiti a duba ko ƙashin ya fara tsagewa. Sabon takalmin kuma ka yi aƙalla mako uku kana atisaye da shi, har da doguwar tafiya ɗaya ko biyu, kafin ranar tseren.