Amsoshin Tambayoyinku: Ambaliya, Waya da 'Yan Damfara

Tambaya: Malam, ruwan madatsar Alau da ya mamaye Maiduguri a Satumbar 2024 ya tafi da takarduna a Gwange. Har yau ban haddace lambar NIN ɗina ba.

Amsa: Danna *346# a layin da ka yi rajista da shi. BVN, lambar shaidarka ta banki, kuma *565*0#. Za su ɗan cire kuɗi. Daga yau duk takardar da ta shigo hannunka, ɗauke ta hoto ka jefa Google Drive, ma'ajiyar Google ta intanet.

Tambaya: Wayata ta nutse a ruwan ambaliya, na binne ta cikin shinkafa. Kwana nawa za ta yi?

Amsa: Hajiya, dafa wa yara shinkafar. Kashe wayar, cire SIM, kada ki kuskura ki sa caji. Ruwan ambaliya laka ne, sai mai gyara ya buɗe ya wanke cikinta.

Tambaya: An turo wani adireshin intanet a rukuninmu na WhatsApp, wai a shiga a cike suna don karɓar tallafin ambaliyar Mokwa. Na tura wa mutane saboda lada. Na yi daidai?

Amsa: Ɗan'uwa, lada kake nema, ga shi ka zama ɗan aiken ɓarayi ba ko sisi! Ruwa ya ci Mokwa ta Jihar Neja a ƙarshen Mayun 2025, mutane sun rasa 'ya'ya da gidaje, wasu marasa tsoron Allah kuma sun mai da masifar kasuwa. Shafin hukumar gwamnati irin NEMA, mai ba da agajin gaggawa, da .gov.ng yake ƙarewa. Ka duba naka? Babu mai raba shinkafa da katifa da zai buƙaci lambar sirrin katinka, ko lambar nan da banki ke turowa ta saƙo. Wanda ya tambaye ta, asusunka yake so ya kwashe. Mafi ban haushi, shafin zai ce sai ka tura wa rukuni biyar kafin a biya ka, mutum da digirinsa ya zauna yana turawa.

In taimako kuke so ku yi da gaske, ku buɗe asusu da sunan ƙungiyar unguwa, mutum biyu ko uku su riƙa sa hannu, kowace Juma'a a ɗora hoton abin da ya shiga da wanda ya fita a rukuni. Mai turo kuɗi ya karanta sunan da ya bayyana kafin ya danna. Yanzu koma rukunin, goge saƙon, ka gaya wa duk wanda ya cike ya garzaya bankinsa yau.