Tambaya da Amsa: Wace ce Hiripsime da ake so a raɗa wa jikata sunanta?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni Kirista ce daga Zuru, ina cikin Zumuntar Mata a ikilisiyarmu. Ɗana ya yi karatun likita a ƙasar Armeniya, yanzu matarsa ta sauka, an samu mace, ya ce sunanta Hiripsime. Na bi Littafi Mai Tsarki tun daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna ban ga wannan suna ba. Abin da ya nuna mini kawai hoton wata majami'a ce ta dutse, kanta a tsuke kamar jinkar rumbu, ya ce kabarin matar yana ƙarƙashinta. Matan Zumunta sun dame ni da tambaya, ni kuwa bakina ma bai kama sunan ba. Wace ce ita? Daga wata kaka, Zuru.

AMSA: Mama, barka da arziki. Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Ba za ki same ta a Littafi Mai Tsarki ba, domin ta rayu wajen shekara 300 bayan haihuwar Annabi Isa, wanda kuke kira Yesu Almasihu. Ni Musulmi ne, tsohon malamin tarihi, kuma a Zuru na fara riƙe alli, don haka wasiƙarki ta zo mini kamar daga gida.

Labarinta ya iso mana ta hannun wani marubucin Armeniya da ake kira Agatangelos, a ƙarni na 5. Ya ce Hiripsime budurwa ce a birnin Rum, tana cikin wasu mata da suka keɓe kansu ga ibada, suka yi alkawarin ba za su yi aure ba. Uwar ɗakinsu sunanta Gayane. Sarkin Rum na lokacin, Diyokletiyan, wanda ya yi mulki daga 284 zuwa 305 kuma ya yi ƙaurin suna wajen gallaza wa Kiristoci, ya baza masu zane su nemo masa macen da ta fi kowa kyau. Da aka kai masa zanen Hiripsime ya ce ita yake so. Matan suka tattara suka gudu, har suka dangana da Bagarshafat, babban birnin Armeniya a wancan zamani. Suka ɓuya a wurin matse inabi a cikin gonakin bayan gari. Ɗaya daga cikinsu ta iya yin duwatsun wuya na gilashi, da kuɗin su suke sayen abinci. Duk lokacin da na zo nan sai in tuna matan da ke zaune a bakin kasuwa da faifan tsakiya a gabansu, 'yar ribar nan ce tuwon dare.

Diyokletiyan ya aika wa Sarkin Armeniya, Tiridat na Uku, cewa a nemo masa ita. Aka nemo ta. Tiridat ya ji labarin kyanta, sai ya ce ai tsuntsu daga sama gasasshe, shi zai riƙe.

Mama, ke da kika fito ƙasar golmo kin san yadda ake neman aure da mutunci: saurayi ya shekara bakwai yana noma a gonar surukinsa kafin a ba shi mata. Wannan sarki sojoji ya tura aka jawo yarinya zuwa fada, aka rufe ta a ɗaki da shi. Kuma Tiridat ƙato ne, an san shi da ƙarfi a fagen yaƙi da na kokawa. Marubucin ya ce sun daɗe suna artabu, ta yaga masa riga, ta yar masa da kambi, ya kasa kai ta ƙasa. Da ya ga abin ya faskara sai ya sa aka kawo Gayane bakin ƙofa don ta lallashe ta. Tsohuwar ta ɗaga murya da harshen Rumawa ta ce mata ta tsaya da ƙafafunta, kada ta karya alkawarinta da Allah. Aka farfasa mata baki da duwatsu, ba ta yi shiru ba. Wannan wurin ya fi ko'ina taɓa ni. Na taɓa rasa wata ɗaliba mai kaifin ƙwaƙwalwa a aji uku, aka cire ta aka kai ta gidan mutumin da ba ta so, kuma a duk danginta ba a samu babba ko ɗaya da ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mata yana bayanta ba. Har yau ina ganin kujerarta ta layin gaba.

Hiripsime ta kuɓuce ta fita, aka bi ta cikin dare aka kama. An yanke mata harshe, an ƙone ta da wuta, an ƙwaƙule mata idanu, sannan aka kashe ta tare da 'yan'uwanta sama da talatin. Washegari aka kashe Gayane da wasu biyu. Mu a wajenmu labarin yakan tuna mana da Sumayya, wadda Abu Jahil ya kashe a Makka saboda ta ƙi barin addininta.

Bayan haka, in ji Armeniyawa, sarki ya haukace, ya koma kamar aladen daji yana yawo a dawa. 'Yar'uwarsa ta yi mafarki cewa ba mai warkar da shi sai Girigori, wani Kirista da sarkin ya jefa a rami mai zurfi shekara 13 saboda ya ƙi yi wa gunkiyarsu Anahit hadaya. Aka fito da shi da rai. Abin da ya fara nema shi ne gawarwakin matan nan, ya suturta su ya binne, daga baya sarki ya warke aka yi masa baftisma. Da haka Armeniya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta ɗauki Kiristanci addinin mulki. Su suna riƙe da shekarar 301, masana tarihi da yawa kuma suna cewa wajen 314.

Zancen alade da mafarki, wannan riwayar ikilisiyarsu ce, kuma an rubuta ta fiye da shekara ɗari bayan faruwar abin. Amma ginin da ɗanki ya nuna miki yana nan tsaye, ana ibada a ciki. Shugaban ikilisiyar Armeniya, Katolikos Komitas, ya gina shi a 618, shekara huɗu ke nan kafin Hijira, kuma kabarin yana wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin bagade. An gina wa Gayane tata a 630. Duka biyun suna garin da ake kira Ecimiyazin, kilomita kamar 20 daga Yereban, babban birnin Armeniya na yanzu, kuma a 2000 hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya. Har gobe Armeniyawa suna sa wa 'ya'yansu mata sunayen nan biyu.

Ko ya dace a ikilisiyarku a ɗauki sunan da ba na Littafi ba, wannan ki kai wa fastonku, shi ke da ta cewa. A nawa ganin, ɗanki bai zaɓi sunan banza ba. In kuwa harshe ne matsalar, ga sauƙi: Kiristocin Habasha suna girmama ta ƙwarai, su Arsema suke ce mata. Ki gwada faɗarsa sau biyu kafin Zumunta ta gaba, za ki ji ya zauna a baki kamar Asabe.

Ki gaishe mini da likita da mai jego, da dukan mutanen Zuru.