Tambaya da Amsa: Laifin Sensar Totur Ne Ko Na Waya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Motata mai shan fetur ce, kuma giyarta otomatik. Kwanan nan idan na taka totur a hankali sai ta yi kamar za ta shaƙe, daga nan ta zabura da ƙarfi, ga kuma fitilar gargaɗin inji a kunne. Bakanike ya jona na'ura, lambar P0122 ta fito, ya ce a sayi sabuwar sensar totur. An saya an ɗaura, amma ba a jima ba matsalar ta dawo. Shin sabuwar ce jabu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Tana iya yiwuwa jabu ce, sai dai abin da ya fi ƙarfi a zatona shi ne tun farko ba a tabbatar da cewa tsohuwar ta lalace ba. Lambar da na'ura take fitarwa ba ta nuna cewa wani abu ya mutu. Abin da P0122 take nufi kawai shi ne kwamfutar mota ta ga wutar da ke dawo mata daga layin sensar ta yi ƙasa fiye da kima, kuma wannan layi ya ƙunshi sensar, da soket ɗinta, da wayoyin da suka bi ta gefen inji cikin zafi da jijjiga, da ita kanta kwamfutar.

A mashigar iskar inji akwai wani faifai da yake buɗewa gwargwadon yadda ka taka totur, kuma sensar, wadda makanikai suke kira TPS, tana zaune a kan sandar da ke juya faifan domin ta sanar da kwamfuta iyakar buɗewarsa. Da wannan bayani ne kwamfuta take daidaita man da injektoci za su fesa, kuma da shi giyar otomatik take sanin lokacin da za ta canja. Irin sensar da ta fi yawa a tsofaffin motoci tana da wayoyi 3: ɗaya tana kawo volt 5 daga kwamfuta, ɗaya ta as ce, wato wadda wuta take bi ta koma, ta ukun kuma tana mayar da saƙo. A yawancin motoci saƙon yana kusa da volt 0.5 idan faifan yana rufe, sannan ya hau har wajen volt 4.5 idan aka taka totur ƙarshe. A cikinta akwai ɗan harshen ƙarfe da yake goga a kan wani siririn layi, kuma wurin da ya fi cinyewa shi ne inda ƙafar direba ta fi zama yau da gobe. Abin ya yi kama da makunnin ƙarar tsohuwar rediyo, wanda yake yin ƙarar ƙazar-ƙazar idan an murɗa shi an kai wani wuri na musamman.

Ka roƙi bakaniken ya auna kafin a sake sayen komai. Ya murɗa makulli wutar mota ta kawo ba tare da ya tayar da inji ba, ya sa mitar awon wuta ya duba ko volt 5 ɗin nan yana isa soket, sannan ya duba lafiyar wayar as. Bayan haka ya zura tsinken mita ta bayan soket a kan wayar saƙo, soket ɗin yana jone, ya riƙa buɗe faifan sannu a hankali yana kallon lambobi. Lafiyayyar sensa tana hawa santsi ba tsalle, amma idan aka ga wuta ta kai volt 1.5 ta faɗo sifili ta sake komawa, to laifin sensar ne. Mita mai allura takan fi nuna irin wannan yankewa, domin mai lambobi tana da jinkirin nunawa. Idan hawan ya tafi daidai, sai ya kama damin wayoyin ya girgiza shi yana kallon mita, ya kuma cire soket ya leƙa cikinsa, domin sau da yawa a nan ake tarar da haƙori ɗaya ya yi tsatsa kore, ko ya saki ba ya kamawa, ko kuma wayar ta tsinke a cikin robarta daf da soket alhali daga waje tana nan lafiya ƙalau.

Akwai kuma abin da ake yawan mantawa. A motoci da dama volt 5 ɗin nan ba na sensar totur kaɗai ba ne, ana raba shi da wasu sensoshi, saboda haka idan ɗaya daga cikinsu ta yi shot sai ta janye wutar duka, kwamfuta kuma ta ɗora laifi a kan wadda ba ta ji ba ta gani ba. Ana gane haka ta hanyar cire sensoshin ɗaya bayan ɗaya har a ga wutar ta dawo. Da a ce P0123 ce ta fito, wato wuta ta yi sama da kima, da wayar as zan ce a fara tuhuma. Kada kuma a zubar da tsohuwar sensarka, domin idan awo ya wanke ta, takan fi yawancin na canji inganci.

Tambaya: Malam, motata ba ta da wayar da ke jan totur, totur ɗinta na lantarki ne. An wanke mashigar iskarta saboda baƙin datti, tun daga ranar silo ya yi sama, inji yana ta gurnani ko da mota tana tsaye. An lalata sensar ne?

Amsa: Da wuya, Hajiya. Yayin da datti yake taruwa a gefen faifan, kwamfuta takan riƙa ƙara buɗe shi kaɗan-kaɗan domin iska ta wadatar, kuma tana riƙe wannan lissafi a ƙwaƙwalwarta. Da aka wanke sai hanya ta buɗe, ita kuwa tana aiki da tsohon lissafi, iska ta yi yawa. Maganinsa shi ne a sake koya mata silo, ko dai da na'ura ko ta bin matakan da kamfanin motar ya tsara, waɗanda suka bambanta daga mota zuwa mota. Idan an yi haka silo bai sauka ba, a duba ko akwai tiyon da aka manta ba a mayar ba, ko gasket ɗin yana zuƙar iska. Abin da yake iya jawo ɓarna a irin wannan wanki shi ne danna faifan da ƙarfi, ko sa yatsa a ciki makulli yana kunne, ko tsiyaya ruwan wanki har ya gangara cikin akwatin lantarkin.

Tambaya: Malam, motata ta daina gudu kwata-kwata, ko na taka totur ƙasa ba ta wuce tafiyar a hankali, kuma P2135 ta fito. Zan iya ci gaba da hawa?

Amsa: Ka lallaɓa da ita zuwa gareji kawai, kada ka hau babban titi. Totur na lantarki yana da sensoshi 2 a jikin faifan da wasu 2 a fedar ƙafa, kuma kwamfuta tana gwada saƙonsu da juna a kowane lokaci. Lambar P2135 tana nufin saƙonnin sensoshi biyun da ke jikin faifan sun saɓa, shi ya sa kwamfuta ta rage ƙarfin inji da gangan domin kada mota ta zabura ba da son direba ba. A fara da soket da wayoyi da ƙarfin batir. Idan duk sun fita lafiya, a yawancin irin waɗannan motoci sensar a haɗe take da mashigar iskar, don haka gaba ɗayanta ake canjawa, sannan a sake koya wa kwamfuta kafin a fita da motar.