Likita Ya Amsa: Sojan da Ya Ajiye Kaki da Haɗarin Kashe Kai

Likita, wai kwamfuta na iya gano sojan da zai kashe kansa?

Rukunin waɗanda ke cikin haɗari take warewa, ba ta nuna mutum ɗaya da yatsa. A Amurka, ma'aikatar tsoffin sojoji ta fara wani shirin kwamfuta mai suna REACH VET a 2017. Yana duba bayanan asibiti, ya tsamo mutum 1 cikin 1,000 da ya fi shiga haɗarin kashe kansa, likitansa ya neme shi.

Zuwa fagen daga ne ke jawo abin?

Ba shi kaɗai ba. Wani babban bincike kan sojojin Amurka a 2015 ya ga haɗarin ya fi yawa ga waɗanda suka bar aiki kafin cika shekara 4, da waɗanda aka kora.

Maigidana ya ajiye aikin soja kwanan nan. Ba ya barci, ya bai wa ƙaninsa agogon da yake ji da shi, yana cewa da ya mutu da mun huta. Dangi sun ce in yi shiru, wai mai faɗa ba ya aikatawa.

'Yar'uwa, wannan magana ta dangi ta yi sanadin rayuka da yawa. Masu kashe kansu da dama sun faɗa tun kafin su aikata, aka ɗauka ɓacin rai ne. Shekarar farko bayan ajiye kaki tana cikin mafi haɗari: abokan aiki sun watse, tsarin yini ya rushe, mutum ya wayi gari babu mai nemansa.

Ki zauna da shi yau, ki tambaye shi kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka?" Tambaya ba ta cusa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawowa. Ki saurare shi, ban da faɗa, ban da gori. Idan akwai bindiga ko tarin magani, a fitar da su daga gidan. A Amurka kusan kashi 70 cikin 100 na tsoffin sojojin da suka kashe kansu da bindiga suka yi. Kada a bar shi shi kaɗai. Ku je asibiti yau, kada ki jira gobe. Idan ya ƙi, ki kira likita ko abokin da yake jin maganarsa.

Abokina na shan tiramol da ƙwayar barci don ya manta. Akwai laifi?

Haba malam! Wa ya rubuta masa? Haɗin nan na iya tsayar da numfashi, kuma maye na sa mutum ya aikata abin da a cikin hayyacinsa zai fasa. Kada ya yanke su rana ɗaya da kansa. Ka raka shi wurin likitan ƙwaƙwalwa cikin makon nan, idan kuwa ya ambaci mutuwa, yau ɗin nan.