Ɗaya ya ce zai buɗe wurin ninƙaya, ɗaya ya ce kansul ya sayi fili: wa zan ba ƙuri'ata?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ni 'yar Kano ce amma shekarata shida a Ingila da maigidana da yara uku. Zaɓen kansiloli ya matso, kullum sai an zuro mana takardun kamfen ta ƙofa. Wurin ninƙayar unguwarmu da nake kai yara an rufe shi tun bara wai rufinsa ya lalace. Ɗan takara ɗaya ya ce in ya ci zai buɗe shi, ɗaya ya ce gyaran asarar kuɗi ne gara kansul ya ci bashi ya sayi wani fili mai shaguna kusa da tashar jirgin ƙasa, kuɗin haya ya gina mana sabo. Ta ukun kuma ta ce babu kuɗin ko ɗaya. Dan Allah ya zan gane mai gaskiya? Kuma ma ina da ikon yin zaɓe da fasfon Najeriya?

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya raya zuri'a. Bari in fara da mai sauƙin. Eh kina da iko. Najeriya tana cikin ƙungiyar Kwamanwel, haka Ghana da Kamaru, kuma duk ɗan waɗannan ƙasashen da yake da izinin zama a Birtaniya yana iya yin rajista ya jefa ƙuri'a, ba sai ya karɓi fasfon ƙasar ba. 'Yan uwanmu na Nijar da Chadi da Sudan ne wannan damar ba ta shafa ba sai in sun zama 'yan ƙasa. Mutanenmu da yawa ba su san haka ba, suna biyan harajin kansul duk wata amma ranar zaɓe suna gida, abin yana damuna wallahi.

To yanzu maganar wurin ninƙaya. Na daɗe ina aiki a ɓangaren kuɗi na ƙananan hukumomi a ƙasar nan, kuma abu na farko da nake so ki riƙe shi ne, doka ba ta tilasta wa kansul, wato ƙaramar hukumar garinku, ya buɗe wurin ninƙaya ba. Kwashe shara dole ne, kula da tsofaffi da yara marasa galihu dole ne ga kansul ɗin da aikin ya rataya a wuyansa, samar wa iyalan da suka rasa muhalli wurin kwana dole ne. Wurin ninƙaya da filin motsa jiki kuwa ganin dama ne. Shi ya sa duk sanda aljihu ya yi sanyi su ne na farko da wuƙa take hawa kansu, ba wai don kansilolin ba sa so ba, don dai babu kotun da za ta kama su a kai.

Abu na biyu, kuma a nan ne 'yan takara suka fi rikita mutane, kuɗin kansul aljihu biyu ne. Akwai aljihun manyan ayyuka, wato gini da sayen fili da canja rufi, wannan ana iya cin bashi a yi shi ko a sayar da wata kadara. Akwai kuma aljihun yau da gobe, albashi da wuta da gas da magani na ruwa, wannan kuwa daga haraji da tallafin gwamnati da kuɗin shiga yake fitowa, kuma a ƙa'ida ba a cin bashi a cike shi, dole kasafin kowace shekara ya daidaita. Matsalar wurin ninƙaya tana aljihu na biyun. Ki tuna ruwan da yaranki suke shiga da ɗumi, digiri 28 zuwa 30, dare da rana sai an riƙe shi a haka ko da ƙanƙara ake a waje, sannan iskar ɗakin ma sai an ɗumama ta an tsotse danshinta in ba haka ba ƙarfen rufin ya ci tsatsa, ga masu gadin ruwa da ba za a buɗe ƙofa ba sai suna kan kujera. Na taɓa sauka ɗakin injuna na wani tsohon wuri da aka gina a shekarun 1970, zafi kamar ɗakin gashin burodi, tukunyar gas tana ruri, manajan ya ɗora hannu a kan bututu ya nuna min inda aka yi faci a kan faci, ya ce shi kullum addu'arsa kar ta tsaya ranar Asabar da safe lokacin darasin yara. Da yawa daga cikin wuraren ninƙayar Ingila tsaran wannan ne, na 1960 da 1970, sun tsufa tare.

Da kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi a 2022 bayan yaƙin Rasha da Yukren, wurare da dama suka rage zafin ruwa, wasu suka rage awanni, wasu suka rufe gaba ɗaya. Har sai da gwamnati a kasafin Maris 2023 ta ware sama da fam miliyan 60 don tallafa wa wuraren ninƙaya na Ingila, kaso mafi tsoka don a sa kayan rage shan wuta. Kuɗi ne mai kyau amma in aka raba shi ƙasa guda ba ya zuwa ko'ina.

Saboda haka ɗan takarar ki na farko da ya ce zai buɗe, niyyarsa na iya zama mai kyau, amma tambayar da za ki yi masa ita ce nawa ne gyaran rufin, sannan nawa kansul zai riƙa cikawa duk shekara bayan an buɗe, kuma daga wane layi na kasafin za a cire. In ya ce miki "za mu nemo", to bai zauna ya yi lissafi ba. Ga misali a kusa. A Kuroidon, kudancin Landan, an rufe wurin ninƙayar Purley a 2020 lokacin korona ba a sake buɗe shi ba. A zaɓen Mayu 2022 Jason Perry ya yi kamfen da alkawarin buɗe shi, ya ci kujerar magajin gari da ratar da ba ta kai ƙuri'a 600 ba. Shekara biyu bayan nan ba a zuba ruwa ba, maganar ma ta koma a rushe a gina sabo tare da wani kamfani mai zaman kansa da gidaje a wurin. Shi kuwa magajin gari ne mai cikakken iko. Naki kansila ne guda ɗaya cikin mutum arba'in ko hamsin ko fiye, kasafin kuɗi kuma zauren gaba ɗaya ne yake amincewa da shi wajen Fabrairu zuwa farkon Maris, bayan shugaban kansul da 'yan majalisar zartarwarsa sun tsara. Don haka ki duba ko alkawarin yana cikin takardar manufofin jam'iyyarsa ta garin, ko kuwa a takardar unguwarku kaɗai aka buga shi.

Na biyun shi ne ya fi tayar min da hankali, gaskiya. Abin da yake faɗa an gwada shi a ƙasar nan, kuma kwanan nan. Bayan 2010 gwamnatin tsakiya ta zaftare tallafin da take ba ƙananan hukumomi sosai, ga kuma wata taga a baitulmali da kansul zai iya karɓar bashi da ruwa ƙalilan, sai wasu suka ce ai ga hanya, mu ciyo bashi mu sayi ofisoshi da kantuna da otal, hayar ta biya bashin ragowar mu yi wa jama'a aiki. Ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasa ya ƙiyasta cewa cikin shekara uku kacal, daga 2016 zuwa 2019, ƙananan hukumomin Ingila sun kashe fam biliyan 6.6 a irin wannan saye. Kuroidon ɗin nan da na ambata ya sayi wani otal a 2018 a kan kusan fam miliyan 30, masu gudanar da otal ɗin suka durƙushe a 2020, daga baya aka sayar da shi ƙasa da yadda aka saya. A Nuwamba 2020 jami'in kuɗinsu ya fitar da sanarwar sashe na 114, wadda ma'anarta kansul ba zai iya daidaita kasafinsa ba, an tsayar da duk wani sabon kashe kuɗi sai na dole. A 2023 aka ƙara wa mutanen garin harajin kansul da kashi 15 cikin ɗari lokaci guda.

Amma wanda ya fi dacewa da tambayarki shi ne Wokin, garin nan na gundumar Sari, kusa da Landan, da masallacin Shah Jahan yake, wanda aka gina a 1889, in kin taɓa zuwa. Gari ne na mutum dubu ɗari da 'yan kai, kansul ɗinsa ya ci bashi ya zuba a dogayen benaye da otal a tsakiyar gari da wani babban aikin gidaje, bashin ya doshi fam biliyan 2. A Yuni 2023 shi ma ya fitar da sanarwar 114. Kin san abin da ya shiga jerin abubuwan da za a rufe? Wurin ninƙayar garin. Sai da mutane suka tashi da takardun koke, a ƙarshe aka bar shi a buɗe amma da ƙarin kuɗin shiga. Wato sayen da aka ce zai kawo wa gari arziki shi ya kusa cinye ruwan da yara suke koyon iyo a ciki. Kuma tun Nuwamba 2020 baitulmali ya canja ƙa'ida, kansul ɗin da yake shirin sayen kadara don neman riba kawai ba zai samu bashi daga wannan tagar ba. To ki tambayi ɗan takarar ki na biyu a ina zai ciyo bashin, da ruwa nawa, kuma in shago uku suka zauna babu ɗan haya shekara guda wa zai biya.

Kar ki fahimce ni cewa duk sayen fili ɓarna ne fa. Dokar ƙananan hukumomi ta 1972 ta ba kansul ikon sayen fili don ayyukansa, kuma akwai sayen da ni kaina zan tsaya in kare: fili don gidajen haya masu rahusa, don makaranta, don maƙabarta wadda mu musulmi mun san yadda muke fama da ƙarancinta a wasu garuruwan, ko don a gina wurin ninƙayar kansa. Bambancin shi ne ana sayen ne don a yi aiki a kai ko don a zama mai gidan haya da kuɗin bashi. Abin haushin kawai shi ne cinikin fili galibi a asirce ake tattauna shi, ana fitar da jama'a da 'yan jarida daga zauren a ce sirrin kasuwanci ne, sai an gama ki ji. Amma ajandar taro dole a wallafa ta kwana biyar na aiki kafin zama, kina iya aika tambaya a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai su amsa cikin kwana ashirin na aiki, sannan kowane kansila mai ci yana da rajistar kadarorinsa da kasuwancinsa a shafin kansul na intanet, in mai neman a sayi filin kansila ne mai ci kuma yana da alaƙa da wurin za ki gani.

Ta ukun mai cewa babu kuɗi, tana iya zama ita ta fi kusa da gaskiya, amma ni ba na gamsuwa da ɗan takarar da zai tsaya a nan. Akwai kuɗin da magina suke biyan kansul in an ba su izinin gina gidaje da yawa, na yarjejeniyar sashe na 106, ana iya sa shi a gyaran irin wannan wuri. Akwai miƙa wurin ga ƙungiyar 'yan unguwa su gudanar, kamar yadda aka yi a Bramley cikin Lids a 2013, tsohon wuri na 1904 da mutanen unguwa suka karɓa suka ci gaba da shi. Kuma wata doka ta 2011 ta ba ku damar neman a yi wa ginin rajista a matsayin kadarar al'umma, yadda in za a sayar sai an ba ku wata shida ku nemo kuɗi. Ki ji ko ta san waɗannan, in ta sani kuma tana da shiri, to ta cancanci a saurare ta.

Ni dai a tawa fahimtar wurin ninƙayar ya cancanci a yi faɗa a kansa. Manhajar firamare ta Ingila ta ce yaro ya iya ninƙayar mita 25 kafin ya gama, makarantu kuma yawancinsu ba su da nasu, na kansul suke haya, in an rufe sai a sa yara a mota zuwa wani gari ko a rage darasin. Ƙasa ce mai koguna da magudanan jirgin ruwa ko'ina, kuma yaranmu da yawa iyayensu ba su iya ruwa ba balle su koya musu. Sannan lokacin mata zalla, wanda doka ta halatta, kusan a wuraren kansul kaɗai ake samunsa da kuɗin da talaka zai iya, na san mata da yawa da wannan awa ɗayan ita ce motsa jikinsu na sati. In kin je taron jin ta bakin 'yan takara ki tambaye su wannan ma, ko za a sa shi a cikin kwangilar kamfanin da zai gudanar da wurin, domin abin da ba a rubuta a kwangila ba shi ake fara cirewa.

Rajistar zaɓe a intanet ake yi, ba ta wuce minti biyar in lambar inshorarki ta ƙasa tana hannu, kuma ana rufewa kwana goma sha biyu na aiki kafin ranar, wadda yawanci Alhamis ɗin farko ce ta watan Mayu. Tun 2023 sai da katin shaida mai hoto, fasfonki na Najeriya ya wadatar. In kina sa niƙabi ki ce a duba ki a keɓe, akwai wurin da aka tanada, kuma kina iya neman mace ta duba ki. Ki gaya wa maigidan shi ma ya yi tasa.