Abin da rufin rami ya gaya mini jiya

Ka tambaye ni dalilin da ya sa na fitar da ku daga rami jiya, alhali ko tsakuwa ba ta faɗo ba, har kuɗin yini guda ya tafi a banza. Na kuma ji sauran maganar da ka haɗiye, wai ko tsufa ne ya fara sa maigida tsoro. Jingine digar nan, ɗana, ka zauna.

Tsoro kam ina da shi, shi ne ma ya kawo ni waɗannan shekarun da ƙafafuna biyu. Ka ga lokacin da na ɗauki dogon ƙarfen nan ina ƙwanƙwasa saman rami? Kai ka zaci neman jijiyar dutse nake yi. Dutse mai lafiya idan ka buge shi ƙara yake yi tas, har ka ji ta a tafin hannunka. Wanda ya rabu da uwarsa kuwa sai ya amsa maka da wata murya mai kauri, kamar ka bugi fasasshen tulu. Jiya wuri uku na buga, duka ukun muryar tulu suka ba ni. Sai garin ƙasa ya fara zubo mini a wuyan riga, siriri kamar ana tankaɗe. Sannan gungumen tokara na biyu daga bakin loto, wato lungun da muke haƙa, ya yi ƙara sau ɗaya. Kai kana can kana loda buhu, ba ka ji ba. Katako yana da wannan mutuncin, ba ya karyewa sai ya yi sallama, amma ba ya maimaita ta sau da yawa.

Ina saurayi kamarka na yi aiki da wani mutum da ya fi ni sanin dutse nesa ba kusa ba. Rannan shi ya fara jin ƙarar, shi ya ce mu fita. Mun kai rabin hanya sai ya tuna saura masa buhu biyu ya cika lissafin ranar, ga shi matarsa na kan gwiwa. Ya ce mu yi gaba, yanzu zai same mu. Kwana biyu muka yi muna tono da hannu. Abin da muka fara gani shi ne tocilan ɗin da ke ɗaure a hularsa. Mai ramin ya aiko wa iyalinsa kuɗin buhunan da ya riga ya fitar, ya cire na digar da ta ɓata.

Tun daga ranar na gane cewa ba jahilci ne ya fi kashe mahaƙa ba. Yadda ake biyanmu ne. Da buhu ake lissafi, ko da tan, ko da tsawon abin da ka haƙa. Ba wanda ke biyanka kuɗin kafa tokara, ko na jiran hayaƙin nakiya ya washe, ko na yayyafa ruwa. Duk mintin da ka kashe wajen kare ranka, daga aljihunka aka cire shi. To mutumin da ya bar yara ba su karya ba, ya za a yi ya tsaya sauraron katako?

Shi dutse ma mai gaskiya ne, yana gargaɗi. Iska ce munafuka. A ramin kwal akwai iskar mitan, ba ta da wari ba ta da launi, idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa. Ƙurar kwal ita ma kama wuta take yi kamar albarushi. A ramin kwal na Kuriyar (Courrières) a ƙasar Faransa, ranar 10 ga Maris 1906, mutum 1,099 suka mutu a fashewa ɗaya. Kamfanin ya yi hanzarin toshe wasu hanyoyin don wutar ta mutu, sai ga mutum 13 sun fito da ransu bayan kwana 20. Ka ga dalilin da ya sa dubban mahaƙan yankin suka ajiye aiki bayan haka. Akwai kuma gubar da wuta ko inji ke fitarwa, irin ta hayaƙin janareto, wadda ke sa ka ji barci mai daɗi. Mahaƙan Ingila da tsuntsun kanari suke shiga saboda ita, in ya faɗo daga kan sandarsa sai kowa ya nemi hanya, ba su daina ba sai 1986. Saboda haka duk ranar da na ga ka shigar da injin jan ruwa cikin rami ka tayar, ranar za mu raba gari.

Ƙurar dutse ita ba ta gaggawa. Ka ji tarin da nake yi da asuba? Na rawar dutse ne, wato huda shi, a bushe, shekara da shekaru, lokacin da muke ganin ɗaura takunkumi ragwanci ne. Likitoci silikosis suke ce masa. Garin dutsen yana shiga huhu ya zauna, huhun ya yi tabo ya ƙandare, kuma ba maganin da ke mayar da shi yadda yake. Daga nan tarin fuka ya samu ƙofa a buɗe. Kuma kada ka taɓa kai dutse gida don a daka. A Zamfara a 2010 haka aka yi da dutsen zinare mai haɗe da dalma, ana niƙa shi a tsakar gida inda yara ke rarrafe, yara fiye da 400 suka rasu. Kayan aikinka ma a nan za ka tuɓe su, ka wanke jikinka kafin ka ɗauki ɗan kowa.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe game da jiya. Da ni kaɗai na fito, da yau wani ne ke riƙe da ƙarfena, ku kuma kuna ciki. Mutum ɗaya idan ya ce ba zai shiga ba, akwai goma a bakin rami suna jiran gurbinsa. Abin da ya sa mai ramin ya yi ta faɗa amma bai kori kowa ba shi ne mu duka muka fito, har da kai da kake ƙunƙuni. Ƙungiyar ƙwadago da kake ji ana faɗa, asalinta ke nan, sauran duk takardu ne. Ban ce shugabanninta waliyyai ne ba, na ga waɗanda suka sayar da mu da rana tsaka, amma ban taɓa ganin mai rami ya sayo katako don an roƙe shi ɗaya bayan ɗaya ba.

Wannan 'yancin kuwa jini aka zuba a kansa. A Inugu, a ramin kwal na Iva Valley, ma'aikata sun yi jan ƙafa a aiki kan haƙƙoƙinsu na albashi, ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe musu wuta, 21 suka mutu, 51 suka ji rauni. Kada ka ce ai wannan zamanin Turawa ne. A Marikana ta Afirka ta Kudu, masu rawar dutse a ramin filatinam sun nemi a mayar da albashinsu rand 12,500 a wata, ranar 16 ga Agusta 2012 'yan sandan ƙasarsu suka harbe 34. Sai a 1995 Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya mai lamba 176, wadda ta ce mahaƙi yana da ikon barin duk wurin da ya ga alamar babban hatsari ga ransa. Abin da muka yi jiya ke nan. Sai dai takarda ba ta saukowa rami, kuma galibin masu haƙa irin namu ba su ma san da ita ba.

Kuɗin jiya ya tafi, ba zan yi maka ƙarya in ce zai dawo ba. Ni ma nawa ya tafi. Gobe ka zo kafin kowa. Za mu kafa gungume huɗu daga bakin loto zuwa ciki, daga inda ke da lafiya za mu fara, kada ka kuskura kanka ya wuce tokarar ƙarshe. In mun gama zan ba ka ƙarfen, kai za ka buga, ni in tsaya a bayanka, ka gaya mini abin da ka ji.